Maɓallin da Ban Danna Ba

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya shago, ya gwiwar Inna?

Gobe ne aikin. Likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani: ba yanka, ba ɗinki. Zan kwanta rub da ciki a na'urar hoto ta MRI, su tattara sauti mai ƙarfi a kan ƙarin da ke mahaifata har zafi ya kashe shi. Ita kuma na'urar tana auna zafin naman cikina, tana nuna musu da launi a allo. In wannan bai yiwu ba, sai cire mahaifa. Ka san kuwa tun da muka binne jaririnmu ban daina sa rai ba.

Ka sa ni a addu'a.

Matarka, wadda kake kira Taurin Kai

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ba a gama aikin ba. Sun kwantar da ni, suka toshe mini kunne saboda ƙarar na'urar, suka ce kar in motsa don motsi yana ɓata awon. Nas ta damƙa mini wani maɓalli, wai in danna in na ji ƙuna. Da farko ɗumi kawai nake ji. Can sai tabon tiyatar da aka yi mini lokacin haihuwa ya ɗauki zafi kamar an ɗora mini dutsen guga. Na ce a raina, ina dannawa za su ce jikina ba zai ɗauka ba, shi ke nan mahaifa ta tafi. Sai na cije leɓe na yi lamo.

Ashe likita tana gani. Wurin tabon ya yi ja a allonta, nan take ta kashe sautin. Ka ji na'ura da gulma! Ni da ko kai ba ka iya gane ciwona a fuska.

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta jawo kujera, ta shafa mini magani a ɗan wurin da ya tashi, ta ce da na danna, hutawa kawai za mu yi ta sauya wa sautin hanya. Yanzu dole a jira fatar ta warke. Za ta sake gwadawa, amma sau ɗaya ya rage, kuma sai na yi alkawarin faɗin gaskiya. Na yi kukan da ko ranar jana'izar ban yi ba.

To, bari in fara da kai. Duk lafiya lau ɗin da nake ce maka a waya, ƙarfin hali ne. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ba na so in sake shiga na'urar nan ba kowa nawa a bakin ƙofa. Ka rufe shagon ka zo.

Ka gaida Inna.

Matarka