Mahaucin Aro a Makka

Zuwa ga Rumasa'u, sanyin asubata, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farko mai sa ƙasa ƙamshi, uwar Hudaifa da Kubra, uwata ni ma idan za a faɗi gaskiya. Ina gaishe ki daga Makka, gaisuwar da jirgi ba zai ɗauka ba sai an biya kuɗin ƙarin kaya.

Bari in fara da abin kunya, kafin wani ya riga ni kai miki. Kin tuna cika bakin da na yi, wai Larabci ba zai ba ni wahala ba tunda na taɓa allo? To, ranar da aka jera mu a mayanka, shugaban aikinmu, wani saurayi mai suna Bandar, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sana'ar kowa. Mahauci a bakinsu jazzar ne, a danne tsakiya a ja ƙarshe. Mijinki ya bugi ƙirji ya ce, "Ana jazar." Sai na ga Misirawa da Turkawa suna riƙe ciki. Ashe na sanar wa duniya cewa ni karas ne. Bandar, jikan Hausawa ne haihuwar nan, Hausarsa rabi da rabi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alesh ya ammi, karas ma muna so, bas ka iya wuƙa." Daga ranar sunana Wada ya ɓace a Saudiyya, sai Karas.

Amma wuƙa kam na iya, kuma ni da ke mun san inda na samo.

Ya tsokar zuciyata, ya ɓargon ƙashina (ki yi haƙuri, yanzu kirarina duk na mahauta ne), wace mace ce za ta dubi mai gyaran rediyon da wayoyi suka kashe wa kasuwa, mutumin da ke kau da kai idan ana yanka kaza, ta hango mahauci a jikinsa? Da labari ya zo Wudil cewa Saudiyya ta rasa hannuwa don yankan hadayar alhazai, za a ba mahauta biza ta 'yan watanni, ni dariya na yi. Ke kuwa mayafi kika ɗauka. Kika je kika durƙusa gaban Baba, kika roƙe shi ya ɗauki suruki mai furfura ya zama yaron tebur. Surukin nan fa da baffanninsa suka yi ta tsaki lokacin aurenmu, wai na rasa wadda zan ɗauko sai 'yar mahauta.

Kin tuna yammacin da kika ajiye cinyar akuya a kan turmi, ina ta sara kamar mai faskare? Kika zo ta bayana, kika ɗora hannunki a kan nawa, kika ce in daina faɗa da ƙashi, in nemi gaɓa, ita za ta buɗe da kanta. Rumasa'u, ga 'ya'ya sun girma, ga gwiwata tana ƙara idan na tashi daga sujada, amma a ranar na koma kamar angon jiya. Ban ji rabin darasin ba. Da gangan na riƙa kuskure don ki sake riƙe hannun. Kin gane, ko? Na san kin gane, don kin ce in ban natsu ba za ki kira Baba.

A nan, kwanakin salla, raguna suka riƙa zuwa kamar kogin Wudil ya cika ya kawo. Mu fiɗe, a rataye, a tura ɗakin sanyi, a kai wa mabuƙata a ƙasashen da ban san sunansu ba. Duk sanda hannuna ya mutu, sai in ji naki a kansa. Hannunki ne ya zo Makka, ni dako kawai na yi masa.

Ki faɗa wa yara kada su bari a kira ni Alhaji. Bizarmu ta aiki ce, ba ta yarda da hajji ba. Ranar da jama'a ke tsaye a Arfa, ni ina wasa wuƙa. Amma na ga Ka'aba, hasken idona, na gan ta da waɗannan idanun da kike cewa ba sa ganin gishiri ko yana gabansu. Na shirya addu'o'i masu tsawo, da na ɗaga kai duk suka watse, sai sunanki ya rage a bakina.

Yanzu ga abin da na san shi kike nema tun layin farko. Na ga ɗan'uwanki, Yaya Mukhtaru. Yana unguwar Tandabawi a nan Makka, yana gasa tsire a wani lungu, Larabawa na layi, suna kiran tsiren siriyya. Lafiyarsa ƙalau, ya yi ƙiba ma. Ya rungume ni, ya ciyar da ni, sannan ya ja ni gefe ya ce idan biza ta ƙare kada in bi motar filin jirgi. In sulale in zo wurinsa, akwai katifa, akwai aiki, abin da zan samu a wata ba zan same shi a shekara a gida ba. Shi ma haka ya yi, ga shi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na lissafa. Na tuna rufin ɗakinmu da ke zuba, na tuna makarantar Kubra. Muna cikin magana wata motar 'yan sanda mai fitila a ka ta gifta bakin lungu, sai na nemi yayanki na rasa. Babban mutum, ɗan gidan fawa, ya shige bayan firji, don ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Da ya fito yana kakkaɓe riga, ya sa hannu daidai ƙugunsa ya tambaye ni ko 'yarsa ta kai nan. Yarinyar da muka kai ɗakin miji bara. Na share hawaye, na ce yajin ne ya shiga idona.

A nan na gane nauyin abin da kika yi. Kin ga yadda ƙofar nan ta haɗiye ɗan'uwanki, kin ga matarsa tana tsufa a bakin zaure, amma da hannunki kika buɗe mini ita. Da me zan gode wa mace irin wannan? Da turare? Da dabino? Ya farin watan da ba ya gajiya da leƙo gidan matalauci, ko na kwaso kasuwar Kudai gaba ɗaya ban biya ba.

Na ce wa Yaya a'a. Ranar da takarda ta ce in fita, zan fita, ni ne ma na gaba a motar. Mutanen nan aron hannu suka yi, sun biya, sun gode, na gode. Wanda aka ara kuwa gida yake komawa.

Kuma ba Saudiyya kaɗai ta rasa hannu ba. Teburin Baba ya rasa tun tafiyar ɗansa, na ga yadda wuƙa ke rawa a hannun tsohon. Bai roƙe ni komai ba, ke ma ba ki roƙa ba, shi ya sa abin ya fi nauyi. Ki shaida masa, Juma'ar farko bayan na sauka zan ɗaura ɗamara in tsaya a teburinsa, tsakiyar kasuwa, inda baffannina ke wucewa. Su tsaya su kalla, in suna so in auna musu. Zan tsaya a nan har ranar da Allah ya dawo da Mukhtaru, in kuma bai dawo ba, har ƙarfina ya ƙare.

Naki ne ni, jiya da yau da ranar da za a ɗauke ni a makara. Wannan ba biza ba ce, ba ta da ranar ƙarewa.

Mijinki, wanda gidanku ke bi bashi,
Wada