Kwabban da Ka Buga wa Ƙusa

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, ko da yake na san ba za ka amsa ba, ba kuma za ka karanta ba. Da ranka ma yaushe ka taɓa duba abin da na rubuta? To bari in tambaye ka: ranar da ka hau rufin sitonsu Alhaji Ɗanjummai a Nguru, ka zura ƙusa a hujin kwabona ka ɗaga guduma, ko tuna ni ba ka yi ba?

Shekara bakwai ina tara su, Baba. Da kuɗin facin taya a bakin tashar Gashua, ba da naka ba. Wata tsohuwa a Katuzu ta kwance mini anini huɗu daga jikin faifanta don na kai mata sabulu. Wata Bafulatana daga Yusufari ta ba ni biyu a bakin allura da zare. Ranar kasuwa ina tsugune gaban maƙera, ina roƙon kar su narkar. In dawo in goge da toka da lemon tsami, in shirya a zare, in sa a gwangwanin madara. Sittin da uku, duk masu huji. Kai ka fitar da ni daga aji biyu ka ce in riƙe maka zarto. A jikin waɗannan kwabban na koyi haɗa baƙin boko, harafi bayan harafi, kafin in koma kan jaridar da ake ƙunshe tsire.

Ka sayi ƙusa marar hula don ta fi arha. Kowane kafinta a garin nan murfin kwalba yake hudawa ya sa mata, ko ya yanka tsohuwar taya. Kai sai ka buɗe gwangwanina. Har kana yi wa abokanka alfahari wai naka aikin ba zai yi tsatsa ba. Da na yi magana ka ce kuɗin da ba ya sayen ko ƙosai ai ƙarfe ne.

Labarin gida? Inna tana nan, idonta ya ƙara lalacewa. Ƙanwata Hajara ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Ban ɗauke shi ba tukuna. An sayar da kayan aikinka, ni na riƙe gudumar nan mai cire ƙusa.

Ga abin da ba wanda ya sani. Bayan sadakar arba'in na hau mota zuwa Nguru. Na ce wa Alhaji ka bar wasiyya in duba rufin kafin damina. Mutumin har ƙwalla ya yi, ya sa aka kawo mini shinkafa da miya. Da rana tsaka, kwanon rufin yana ƙona mini gwiwa, na bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya na zare abina, na mayar da su tsirara. Hadarin farko ya yaye rufin ya jefa bayan layin dogo. Gero ya jiƙe, gishiri ya narke.

Yanzu a kasuwa ana cewa Malam Habu kafinta da ha'inci ya rufe aikinsa na duniya. Ina ji, ina ci gaba da hura taya. Inna ta ji ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, ni na ci nawa na ƙara. Kalma ɗaya daga bakina za ta wanke ka. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba.

Ka san me na sauko da shi? Tara kaɗai ake iya karantawa. Sauran sun lanƙwashe, hujin ya yage, bakin gudumarka ya shafe rubutun. Wani kwabo da ya girmi kakana ya tsage biyu.

Na san zan amsa tambayar geron Alhaji, ban yi musu ba. Amma ranar da za a tara kowa, kai za ka fara. Ka miƙe a gaban Inna da Alhaji da 'yan majalisarku na ƙofar masallaci, ka faɗa da ƙarfi: akwai abu ko guda a gidan nan da ka taɓa yarda nawa ne?

Ka huta kafin ranar. Allah Ya ji ƙanka, haka nake cewa idan Inna tana kusa.

Ɗanka,
Sale mai faci, Gashua