Duk Inda Kaset Ya Yanke, Mama Ce Ta Shigo

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Na rubuto a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani ne saboda ba ka ɗaukar wayata, amma na san kana leƙowa nan.

Kaset-kaset ɗin tsohuwar kyamararka, waɗanda ka bari a durowar marigayiya Mama a unguwar Dilimi, su nake ta fama in juye a kwamfuta. Saboda Ummi nake yi, 'yata mai sunan Mama. Ta fara tambayata yadda muryar kakarta take, ni kuwa wallahi muryar ta fara ɓace mini a kunne.

Sai aiki ya ƙi. Hoto zai fara tafiya, ga tsakar gidanmu, ga Baba cikin babbar riga, sai kwamfuta ta tsaya cak, wai an gama. Na zargi wuta. Na zargi wayar haɗawa, na je kasuwar Terminus na sayo sabuwa. Na kai kyamarar wurin mai gyara aka goge cikinta, ko danshin damina ne ya ɓata ta. Na zagi kwamfuta, na zagi mai gyara a zuciyata, ashe bawan Allah ba shi da laifi. Kai ne.

Na zauna na kalli kaset ɗin walimar saukata a jikin kyamarar kanta. Duk inda ya yanke, Mama ce ta shigo. Gefen mayafinta zai bayyana, ta hango kai ne riƙe da abin, ta juya baya. Kai kuma ka kashe, ka tura kaset gaba a fusace, ka bar fili wayam. Wannan filin ne kwamfuta take ɗauka ƙarshen kaset.

Kai ɗan fari ne, Yaya. Kowa a unguwarmu ya san irin su Mama ba sa haɗa ido da ɗan fari, ba sa kiran sunansa. “Wancan” take ce maka. Kai da bokonka ka mayar da kunya ƙiyayya. Ina tuna ka kana hura hanci kana cewa, “Tunda ba ta son ganina, kyamarata ma ba ta son ganinta.” To madalla, ka rama. A kan jikarta ka rama.

Da ni ka miƙa wa kyamarar, ai ni auta ce, har waƙa za ta yi mini. Amma ina! Ko jakar kyamarar ba ka yarda a taɓa. Ranar jana'izarta ma ko kwana ba ka yi ba, kuma tun daga nan Jos ba ta sake ganin ƙeyarka ba.

Da na gane matsalar, sai na hana kwamfutar tsayawa in ta ci karo da fili, na bar kaset ya yi ta tafiya har ƙarshe. Can sai ga hoto a karkace: bakin tabarma da buta. Ka ajiye kyamarar a kan turmi ka tafi masallaci, ka manta ba ka kashe ba. Sai ga muryarta, ras, kusa-kusa: “Rabi, wancan ya ci abinci kuwa? Tun safe yake tsaye da abin nan. Ajiye masa cinyar kazar, kada baƙi su cinye.”

Iyakar abin da ya rage mana na muryarta ke nan, kuma a kanka take magana. Na yi kuka, na kuma ji haushinka fiye da dā.

Ummi ta saurara, ta ce in maimaita, sannan ta tambaye ni wane ne wancan. 

Ba zan turo maka ta waya ba, kada ma ka roƙa. Hanyar Jos tana nan inda ka bar ta. Ka zo ka ji da kunnenka, ka amsa wa yarinyar da bakinka.

Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka kabarinta. Allah ya sassauta zuciyarka, ya sanyaya tawa, don har yanzu tafasa take.

Ƙanwarka,
Rabi