Hawan Akaba

Zuwa ga matata Juwairiyya,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kina lafiya, ke da Malak da Ibtisam, da Inna mahaifiyarki da ƙafarta mai ciwo. Waya ba ta kamawa a nan, shi ya sa na ba wani mai lorin Rusairis wannan takarda.

Mun taso daga Bur Sudan da lodin siminti, amma muna nan kwance a gindin Akaba, hawan dutsen da ke tsakanin Sawakin da Sinkat. Jiya ƙanenki Yakubu ya gwada hawa, ko kwanar farko ba mu kai ba injin ya tafasa, tururi ya rufe gilashi, muka lallaɓo da baya.

Makaniki ya kwance lagireto, tukunyar ruwan da ke sanyaya injin, ya zazzage ta a gabanmu. Laka ce ta fito, baƙa ƙirin, irin ta tur'ar Managil, magudanar ruwan noman nan. Kin san al'adarmu, inda duk lori ta ji ƙishi sai a tsaya bakin tur'a a ɗebo da jarka a ɗura mata. A can yankinmu na Jazira ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma, injin ba ya wahala, sai lakar ta yi ta taruwa ba mai sani. A hawa kuwa motar na nishi da ƙaramar giya, iska ba ta shiga, ruwa ba ya zagayawa. Ga lodi mun yi shi irin na gida, har ya wuce kan direba.

Ba na zargin Yakubu. Yaron kirki ne, ba ya gudu, kuma duk wanda ya koya mana mota bai taɓa ganin dutse ba. Mai lorin ne nake jin haushi, da aka gaya masa sai ya ce wasu ma haka suke hawa.

Aikina shi ne waigi, gungumen iccen da ake cusawa bayan taya. Zan riƙa bin motar a ƙasa ina rungume da shi, in ta tsaya in jefa kafin ta gangaro. A ƙasan kwarin na hango gawar wata lori, tayoyinta a sama. Ni da na noma hawashata, gonata ta kaina, shekara da shekaru kafin yaƙi ya kore mu, yau da furfurata ga inda na ƙare. Tsoro nake ji, uwar Malak, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa Inna ta yi mana addu'a.

Mijinki,
Salihu

Zuwa ga Juwairiyya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ina rubuto miki daga tsakiyar hawan, ina zaune kan buhun siminti, ki yi haƙuri da rubutun.

Makaniki ya wanke abin da ya wanku, muka taso da safe. A kwana mafi tsauri ƙarfin motar ya ƙare. Yakubu ya nemi sauya giya, giyar ta ƙi shiga, injin ya mutu. Na ji ƙarar birki, na ga tayoyin sun fara juyowa kaina. Na jefa waigi, taya ta haye shi kamar ba a sa kome ba. Wallahi ban san lokacin da na jawo shi na sake cusawa ba, ina durƙushe, simintin nan duka a bisa kaina. A karo na biyu ya riƙe. Tsakanin tayar baya da bakin kwari bai fi tsawon mutum ba.

Wasu mutanen Hasahisa, Allah ya saka musu, sun tsaya sun kwashe rabin lodin a motarsu. Injin ya huce. Amma Yakubu ya koma mazauninsa, ƙafarsa ta ƙi zama kan kuloci, sai karkarwa take. Ya sauko yana hawaye, ya ce in karɓi sitiyari tunda na daɗe ina tuƙa tarakta, shi ya ɗauki waigi. Na zage shi, na ce ya kai ni bakin kabari bai ishe shi ba. Amma ba za mu iya barin mota a kwana ba, manyan motoci na gangarowa, dole na yarda.

Da safe ina tsoron in mutu. Yanzu ɗan'uwanki ne zai bi bayan tayata. In ƙafata ta zame, da wane ido zan dubi Inna?

Naki,
Salihu

Zuwa ga Juwairiyya,

Ina gaishe ku da kyau. Muna Sinkat, mu biyu, da ranmu.

Na sa ƙaramar giya tun daga tashi, ban sake taɓa ta ba. Ban duba madubi ba, don na san in na ga Yakubu ƙafata za ta saki. Da hanya ta miƙe na tsaya, na leƙa, babu shi. Na yi ta kiran sunansa. Na kasa saukowa, yatsuna sun ƙage a jikin sitiyari.

Can sai ga shi yana hawowa a ƙasa, rungume da waigi, yana haki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe tun a kwana ta gaba na bar shi. Ya iso yana ce mini azzalumi, wai na gudu na bar suruki a dutse, sannan ya hau ya ɓamɓare mini yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Zan raka shi har Rusairis, daga nan ni da lori mun rabu, ko ƙwadagon ciran auduga ne zan yi. Ki gaida yara. Kada ki gaya wa Inna cewa ɗanta ya bi bayan tayata, ki bari in zo in faɗa mata da bakina.

Ni ne mijinki,
Salihu