Kifin Bikin Godiya

Garwa, ranar Alhamis

Yaya Léontine,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan unguwar Roumdé Adjia lafiya, sai dai kwana biyu ke nan abinci ya ƙi shiga mini.

Kin san ranar Lahadi ne bikin godiya a majami'armu, kuma mijina Michel ya yi alkawarin kifin da jama'a za su ci. Shekaranjiya na bi shi da daro zuwa wani tafki da kogin Binuwai ke bari in ruwa ya janye, don in taya shi ɗauka. Da na sani da na zauna a gida. Tun daga nesa wari ya tare ni. Ruwan ya yi fari fat da cikin kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi waɗanda ko kyanwa ba za ta kula ba. Ga kwaɗi a sanƙare, ga kififiya, ga balbelu uku kwance a taɓo, ƙudaje sun rufe musu ido. A gindin kaba na ga kwalbar maganin ƙwarin auduga, babu ko ɗigo a ciki. Na yi amai har ƙirjina ya yi zafi.

Yaya, Michel ne ya zuba maganin a ruwan, kuma mutumin nan shi ne shugaban mawaƙan majami'armu. Wata guda yana koya musu waƙar halitta, yana lumshe ido in an zo rana ta biyar, wadda Allah ya cika ruwa da kifi, sama da tsuntsaye, ya duba ya ga sun yi kyau. Ni kuma ina koya wa yaran makarantar Lahadi cewa ko tururuwa hannun Allah ne ya yi ta. Da na yi masa magana, ko kunya babu, wai ai Allah ya ba ɗan Adam mulki a kan kifin ruwa, kuma in an cire hanji shi ke nan dafin ya tafi. Wannan ba mulki ba ne, ɓarna ce, kuma yanzu ko hannunsa ba na son gani.

Kifin yana cikin ƙanƙara a gidan wani abokinsa. Ranar Asabar mata za su soya, yara da masu ciki su ci. In na yi shiru na zama abokiyar laifi, in na faɗa na tona asirin mijina. Ki sa ni cikin addu'a.

Ki gai da mutanen Tibati duka.

Ƙanwarki,
Nadine

Garwa, ranar Litinin

Yaya Léontine,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina sanar da ke cewa na faɗa.

Daren Juma'a na roƙi Michel ya zubar da kifin da kansa, ya ce in yi harkar gabana. Da safe na tarar mata sun riga sun ɗora mai a wuta, Mama Josiane shugabar mata tana barbaɗa gishiri. Babu lokacin jan kowa gefe, sai na faɗa a gaban kowa. Mama Josiane ta ɗaga kunnen kifi ɗaya ta shinshina, ta sa aka haƙa rami aka binne shi duka. Ranar Lahadi shinkafa da miyar yakuwa kawai aka ci, kuma babu wanda aka kai asibiti.

Kada ki zaci an gode mini. Dattawan majami'a sun zauna ranar Lahadi da safe, suka dakatar da Michel daga waƙa, amma ni suka fi yi wa faɗa, wai na kunyata majami'a a gaban maƙwabta. Babu wanda ya tambayi halin da tafkin yake ciki. Bayan awa ɗaya suka miƙe da fararen riguna suna yabon Mahaliccin kome da kome, har da tafi. Ƙyama ta cika ni.

Jiya da yamma Michel ya kafa mini sharaɗi: ko in je gaban dattawa in ce idona ne ya ruɗe ni, kifin da taru aka kama shi, ko in tattara kayana. Shekara tara muna tare, Yaya, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina sonsa. Na ce masa zan durƙusa in ba shi haƙuri kan kunyar da ya sha, amma ba zan ce ban gani ba. Ya tashi ya sauko mini da akwatina daga kan kwaba, ya ajiye a bakin ƙofa.

Jibi zan shiga motar Ngaoundéré, daga can in wuce Tibati, in Allah ya yarda Alhamis ina wurinki. Kada ki wahalar da kanki, tabarma ma ta ishe ni.

Ki gai da maigida da yara. Allah ya sada mu cikin salama.

Ƙanwarki,
Nadine