Harsashin Ɗuri da Hannun Yayana

Zuwa ga Babban Jami'in da ke ba da lasin bindiga da takardar sayen harsashi a yankinmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka da ma'aikatanka. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Yargoje, ƙasar Kankara. Na rubuto a fili ne domin abin da ya same mu ba na gidanmu kaɗai ba ne.

Na ɗaya. Ina da bindiga mai baki biyu, ina da lasinta, kuma ban taɓa bari ya mutu ba. Da, biri da gyado nake kora da ita daga gona. Amma tun da kuɗin mai ya shigo ƙasa, samarinmu suka watse Kaduna da Ikko aikin gini, aka bar mu dattawa da mata da shanu. Ɓarayi sun gane haka. Da kakar da ta wuce sun kore shanun gida uku a yammacinmu, kuma muna jin irin wannan labari daga Faskari har Sabuwa. Ni shanun huɗa biyu gare ni, su ne abincin mutum goma sha ɗaya.

Na biyu. Sau uku ina zuwa ofishinku neman takardar sayen harsashi. Zuwan farko aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Na biyu aka ce takardun sun ƙare. Na uku na samu, na kai kantin da aka yarda ya sayar, mai kantin ya nuna mini kanta wayam, ya ce 'yan kwangila masu fita farauta da mota sun kwashe tun ranar da kaya suka iso.

Na uku. Ranar kasuwar Yankara wani mutum ya ja ni bayan rumfa ya nuna mini abin da ake kira harsashin ɗuri: tsohon kwanso ne da aka riga aka harba, a sake cika shi da hannu da albarushi da tarkacen ƙarfe, a toshe baki. Ya rantse mini ya fi na kanti ƙarfi. Na sayi goma. Ba zan ɓoye maka ba, na san bai halatta ba. Maƙwabcina Baba Ɗanjuma, Bamaguje ne kuma tsohon maharbi, ya juya ɗaya a tafin hannunsa ya ce mini kada in kuskura. Ya ce shi in zai ɗura bindigar tokarsa idonsa na ganin abin da ya zuba, amma wannan ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai wanda ya toshe shi. Na ji, amma na tuna turken shanuna.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Yayana Malam Haruna ya ce mu gwada kafin mu dogara da shi. Ran wata Laraba da hantsi muka fita bayan gari, muka jingina tsohon kwanon rufi a jikin kuka, muka ja baya taki ashirin. Na farko ya ƙi tashi. Na biyu ya tashi da ƙara mai firgitarwa, amma huda biyu kacal muka gani a kwanon, sauran ƙarafan sun watse inda Allah ya kai su. Daga baya muka tarar da ɗaya a cinyar wata akuya da ke ɗaure can gefe, inda ba mu nufa ba sam. Da a gida ne, zana ce kawai tsakaninmu da ɗakin matana. Na ce mu bari haka. Malam Haruna ya karɓi bindigar ya ce bari ya gwada ɗaya na ƙarshe. Yana harbawa, bakin dama na bindigar ya tsage daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe.

Na naɗe hannun da rawanina. Sai bayan azahar muka samu motar da ta kai mu asibiti. Yatsu uku suka tafi, kuma har yau idonsa na hagu hazo-hazo yake gani. Mutumin da ya fi kowa iya riƙe garmar shanu a unguwarmu, yanzu ko maɓallin rigarsa sai an sa masa. Bai taɓa cewa laifina ne ba, ni kuwa na san wanda ya kawo abin gida.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke hana ni sukuni. Na san gidaje aƙalla shida a ƙauyenmu da ke ajiye da irin wannan harsashi. Na bi su ɗaya ɗaya na ba su labari. Kowa ya jajanta mini, amma ba wanda ya zubar da nasa, domin kowa tambayarsa ɗaya: in ɓarayi sun zo, da me zai tare su? Ni kaina sauran bakwai ɗin suna cikin gwangwani a saman rumbu. Na kasa zubarwa, na kasa taɓawa.

Don haka ina roƙo. A kawo harsashi na gaskiya, a ware wa manoma masu lasi rabonsu. A sauƙaƙa takardar, kada mutum ya bar gonarsa sau uku. A sa masu shela su zaga kasuwanni su faɗa wa jama'a cewa harsashin ɗuri ya fi kusa da kashe mai gida da iyalinsa fiye da ɓarawo. Sama da duka, a turo mana masu tsaro, domin ba mu so mu harbi kowa. Idan kuma hukunci ya hau kaina saboda abin da na saya, ga ni a gida, ba zan gudu ba. Amma a zo kafin damina ta faɗi, kafin wani ya ɗura nasa cikin duhu da 'ya'yansa a bayansa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare gidanka daga irin tsoron da muke kwana da shi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku ƙanen Malam Haruna.