Gwangwani na Huɗu

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amaryarmu da yaran. Ya aiki, ya gajiya? Mu nan lafiya, sai jikin Mama da ka sani, yau da daɗi gobe babu. Tana ci tana barci, amma har yanzu baiwar Allah take kirana, in na gama yi mata wanka ta yi mini godiya kamar baƙuwa.

Takarda na rubuto don waya ba ta kama ka. In ka ɗauka kana tuƙi, in ba ka ɗauka ba kana taro. Takarda kuwa za ta zauna a kan teburinka ta zuba maka ido.

Maganar fim ɗin Baba ce ta taso. Tsohuwar siniman nan ta bayan tasha, wadda aka mayar wurin ajiye siminti, an gyara ta. Matar da ke riƙe da ita ta zo har shagona, ta same ni da almakashi a hannu. Ta ce suna so su dawo da tsofaffin finafinai yadda masu su suka yi su tun farko, kuma na Baba ne a saman takardarta. Wallahi sai da na nemi kujera.

Kana goye aka yi abin, don haka bari in tuna maka. Baba fim ɗaya ya yi a duniya. Da ya rasa yadda zai kai shi gari-gari, sai ya sa wa wani kamfani hannu, ya ba su ikon nunawa da rarrabawa. Su kuma suka sa masa almakashi yadda ko ni ba na yi wa yadin mutane. Suka yanke minti goma sha tara. Wanda ya fi ciwo, wurin da Mama ta fito, inda take ninke wa ɗanta kaya a akwati tana yi masa magana shi kuma ya juya mata baya, suka ce muryarta ta yi kauri, ba ta dace da fuskarta ba. Suka ɗauko wata mai zaƙin murya suka ɗora. Shekara arba'in da biyu duniya tana kallon bakin Mama tana jin wata. Wurin nan kaɗai ta fito, minti goma sha ɗaya, kuma tun ranar da ta ji abin da aka yi ba ta sake taka ƙofar sinima ba.

Na asalin yana nan a gwangwanaye shida da Baba ya bari, muryar Mama tana cikin na huɗu. Sai dai lauyan da na ɗauka ya ce gwangwanayen namu ne, amma nuna abin da ke ciki ba namu ba ne. Akuya tamu, igiya a hannun wasu. Kamfanin ma an sayar da shi sau uku, waɗanda ke da shi yanzu ba a haife su ba lokacin da Baba ya sa hannu. Kafin lauya ya ƙulla yarjejeniya da su sai magada duka sun ba shi izini. Mama ba ta cikin halin sa hannu, saura ni da kai. Ga takardar nan a ciki, na yi maka alama da fensir inda za ka sa.

Kada ka damu da gwangwanayen. Ka tuna yadda Baba yake fito da su baranda duk bayan wata uku, ya buɗe su, ya juya faifan da hannu, wai suna shan iska, ƙura tana ta sauka a kai? Allah ya jiƙansa, bai iya ajiya ba. Bayan rasuwarsa na goge su tas, na liƙe bakin kowanne da salatif, na naɗe a leda, na ɗora a saman kabad ɗin ɗakin ajiya. Shekara uku ko ƙuda bai sauka a kansu ba.

Ina so Mama ta ji muryarta sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance. Iyakar abin ke nan.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Yayarka.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka, don wata huɗu ke nan ko tari ban ji ka yi ba. Ya yaran? Mama ta faɗi a banɗaki makon jiya, amma da sauƙi, ƙafar ce kawai ta kumbura.

Na gaji, Auta. Ba zan ɓoye maka ba. Ofishin lauya hawa uku ne, na san kowace matakala da gwiwata. In na je sai in zauna a benci ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, in jira awa biyu, ya fito ya ce mini kamfani ba su amsa ba. Da suka amsa kuma, cewa suka yi in kawo gwangwanayen su adana mini, su za su san yadda za su yi da su. Kura ce za ta yi wa akuya ajiya? Na ce ya gaya musu ko murfi ba za su gani ba. Suka sake aikowa wai su ba su san da wani na asali ba, nasu shi ne fim ɗin, namu kwafi ne da aka riƙe ba bisa ƙa'ida ba. Ka ji fa. Abin da Baba ya haɗa da hannunsa a ɗakin da kake wasa a ƙasa, shi ne kwafi.

Yanzu dai sun ɗan sauko. Matar sinima ta matsa musu, ta nuna musu su ma sunansu zai fito. Sun yarda a nuna na asalin, a sa sunan Baba a sama nasu a ƙasa, gwangwanaye su zauna a hannunmu. Abu ɗaya ya rage, kuma ka san shi. Lauya ya tambaye ni ko muna da saɓani da kai ne. Kunya ta kama ni, na ce a'a, aiki ne ya yi maka yawa. Minti nawa sa hannu yake ci, Auta? Ko biron ne babu a garin naku, in aiko maka?

Tsoho Mai Inji ya zo gaishe da Mama. Ka tuna shi, abokin Baba da ke haska fim a sinimar tun tana sinima, wanda yake ɗaga ka ka leƙa ta ƙaramar tagar nan. Ya tsufa ƙwarai, amma shi masu sinimar suka kira ya tada tsohon injin. Ya tambaye ni ko ina ba gwangwanayen iska. Na ce suna nan a killace. Ya ce in bari ya duba su, na ce sai ranar da takarda ta kammala, don lauya ya ce kada kowa ya taɓa su kafin nan. Gaskiya lauyan bai faɗa da ƙarfi haka ba, ni ce ba na son a kwance mini ɗaurina. Tsohon ya daɗe yana kallona, ya sa hularsa ya tafi.

Shago ya koma baya, ɗinkin mutane ya taru, jiya na haɗa wa wata hannun riga a juye. Shekara talatin rabon da in yi haka.

Ka sa hannun nan, don girman Allah.

Yayarka da ta gaji.

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Takardarka ta iso ranar Litinin, na ga sa hannun, na ga kuma ɗan abin da ka rubuta a baya cewa ba ka son tuna fim ɗin da ya cinye mana uba da ransa. Na fahimta. Da ka faɗa tun farko da ban yi maka gorin biro ba.

Yanzu ni ce zan ba ka haƙuri, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Laraba da safe Mai Inji ya zo muka sauko da gwangwanayen. Tun ina yanke ledar farko wani wari mai tsami ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Tsohon salati kawai yake yi. Ashe fim yana da gumi, Auta. In ya tsufa yana fitar da wani tururi, in tururin bai sami hanyar fita ba sai ya koma ya cinye shi. Abin da Baba yake yi a baranda ke nan, ni kuma ina yi masa dariya ina cewa ya mayar da su jarirai. Ga zafin kwano a saman kabad, shekara uku da wata bakwai.

Na ɗaya, na biyu, na uku, na biyar da na shida sun ɗan lanƙwashe a gefe, amma ya ce za su tashi. Na huɗu kuwa, da yake na san abin da ke ciki, leda uku na yi masa, na zagaye bakinsa da salatif har sau biyar. Da muka ɓamɓare murfin, faifan ya narke ya manne ya zama dunƙule ɗaya, yana danƙo a yatsa. Mai Inji ya gwada ɗaga bakinsa da farce, ya gutsure. Muryar tana jikin fim ɗin ne, a wani siririn layi a gefe, ta tafi tare da hoton.

Na tambaye shi da an buɗe lokacin da ya nema fa? Ya ce Allah ne masani. Na san tausayina ya ji. Wata bakwai ina hawa matakala ina faɗa da kamfani, ina zagin ka a zuciyata, ina cewa su ne ɓarayin muryar Mama. Su ɗora wata suka yi a kai. Ni ce na kashe ta, da hannun nan da nake ɗinki da shi, kuma don so.

Na shiga ɗaki na sami Mama tana ninke ɗankwalinta tana warwarewa. Na durƙusa na gaya mata duka. Ta shafa kaina ta ce in yi haƙuri baiwar Allah, ko me na fasa za a sayi wani.

Ban iya ci gaba yau. Ka yi mini addu'a.

Yayarka.

*

Auta na Mama,

Sallama, da fatan kun tashi lafiya. Na ga kiranka har sau shida, ban ɗauka ba, yanzu ka ji yadda ake ji. Wasa nake yi. Bakina ne ba zai iya ba, shi ya sa na dawo ga takarda.

An nuna fim ɗin jiya Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Da kamfani suka ji labarin na huɗu, sai suka ce za su ba da nasu a cike gurbin, da muryar waccan matar. Na ce hoton muna so, muryar su riƙe abarsu. Suka ce yarjejeniya ta hana a canza musu kaya. Su fa, Auta, su ne yau suke tsoron a taɓa fim. Na yi dariya har lauya ya tsorata. A ƙarshe Mai Inji ya ce shi ba zai yanke komai ba, ba zai ƙara komai ba, amma maɓallin sauti a ɗakinsa yake, kuma shi tsoho ne, hannunsa yana rawa. Matar sinima ta kalli silin, lauya ya shiga neman wani abu a jakarsa.

Na yi ta shawarar ko in kai Mama ko in bar ta. Me za ta ji? Daga baya na sa mata shuɗiyar rigarta na tura ta a keken guragu, muka zauna a layin gaba. Zauren ya kusa cika, yawanci masu furfura. Faifai uku suka wuce tana gyangyaɗi. Ni kuwa ina ganin wuraren da aka yanke sun dawo, har da inuwar Baba da ta faɗo a bango a wani wuri, ban sani ba ko kuskure ne ko da gangan.

Sai ga akwati a kan gado, ga Mama da ƙuruciyarta tana ninke riga. Sautin ya ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai ƙarar injin daga sama. Mutane suka fara juyawa. Bakinta a allo ya motsa, sai na ji maganar a gefena.

Ba da ƙarfi ba. Muryar nan ce mai kauri da suka ce ba ta dace ba, ta ƙara dishewa. Tana faɗa, bakin da ke allo yana faɗa, ko kalma ba ta riga ba, ko kalma ba ta makara ba. Inda yarinyar allo ta tsaya ta haɗiye yawu, ita ma ta tsaya. Na kusa da mu suka fara cewa a yi shiru, da suka gane sai shirun ya bi layi-layi har baya. Matar da ba ta san ko ta ci abincin rana ba, sai ga shi ta kawo minti goma sha ɗaya babu gargada. Tana gaya wa ɗan nata ya riƙa rufe ƙirjinsa, kada ya ci abinci a tsaye, in ya isa ya aiko ko da layi biyu ne.

Wuri ɗaya kawai ta saɓa. A ƙarshe, inda yaron ya ɗauki akwati ta kira shi, ba sunan da Baba ya rubuta ta kira ba. Auta ta ce. Sau biyu.

Ni da nake wanke ta safe da yamma ba ta kira ni ba. Zan ce maka ban ji haushi ba, amma na ji, kaɗan, daga baya ya wuce.

Kada ka tambaye ni ko na ɗauka a waya. Wayar tana cikin jaka, hannuna kuma yana cikin nata, ta riƙe gam, ban zare ba. Da aka kunna fitilu ta tambaye ni ko mota muke jira.

Kamfani sun aiko yau suna so a zauna a kan sauran garuruwa. Na ce wa lauya ya yi yadda ya ga dama, ƙafata ta gama hawa benensa. Gwangwanaye biyar suna wurin Mai Inji, a buɗe, a inuwa.

Ka zo, Auta. Ba sa hannu nake nema ba wannan karon. Likita ya ce ƙirjinta ya fara tara ruwa, kuma abin da ya rage na muryar nan ba ni da inda zan ajiye maka shi. Na gyara ɗakin Baba, na wanke zanin gado. Ka faɗa mini ranar, in sa a taro ka a tasha.

Ka shafa mini kan yaran.

Yayarka.